Yadda Aka Tace Jinin Mai Ɗakina a Hartum

Tun ranar da muka dawo daga Hartum ni da mai ɗakina ban samu sakewa ba. In na je masallaci a tare ni, in na shiga kasuwar Sabon Birni a tare ni, kuma kowa daga tsakiya yake fara tambaya. Wannan ya ce da gaske ne an tsayar mata da zuciya, wancan ya ce yaya cikin jirgi yake. Ni kuwa ba na ba da labari daga tsakiya. Shekara ashirin da shida na yi ina kula da injin famfon ruwan garinmu, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kowane abu da layinsa: a duba mai, a duba filta, a fitar da iska, sannan a tayar. Saboda haka na sayi littafi na zauna, za ni rubuta shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Sunana Isiyaku. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Abin ya soma ne a shekara ta biyu ta fari. Mai ɗakina Ramatu, 'yar Fulanin Turba, ta daɗe tana fama da haki, muna cewa gajiya ce. Da ruwa ya ja ƙasa, famfona ya koma ba ya bayarwa sai awa biyu a yini, mata suka koma rijiyar fadama mai zurfin gaske. A bakin rijiyar nan ta faɗi da guga a hannu. Likitan Sakkwato ya ce wata ƙofa a cikin zuciyarta ta ƙeƙashe tun wani zazzaɓin ƙuruciya, ba ta buɗewa sosai, sai an canza ta. Ya ce akwai asibiti a ƙasar Sudan da ke yin aikin kyauta, ya rubuta musu. Bayan wata huɗu takarda ta zo.

Zangon farko shi ne daga gida zuwa Kano. Muka tashi da hantsi. Daga Sabon Birni zuwa Isa gero duk ya tsaya iyakar gwiwa, ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. A tashar Isa yayanta Buba yana jiranmu, ya taso daga Turba da ƙafa, da goran nono a hannu. Ya miƙa mata goran yana sunkuyar da kai, don rabinsa ruwa ne, shanun sun ƙafe. Sannan ya ja ni gefe.

“Malam, amana ce,” in ji shi. “Ba raina ka nika yi ba. Amma yadda ka ɗauke ta, haka za ka maido muna ita.”

Na ce masa maidowa ta Allah ce, amma za ni tsaya a kan nawa.

Bayan Shinkafi mota ta yi zafi. Direba ya samo ruwa a wata rijiya, ja wur kamar kunun kanwa, yana shirin ɗura wa lagireto. Na fito na hana shi. Na cire hankicina na shimfiɗa a bakin lagireton, na ce ya zuba a hankali. Ya ce, “Baba, mota ce, ba jariri ba.” Da ya ga laka da ta taru a hankicin bai ƙara magana ba har Gusau.

Zango na biyu jirgi ne, kuma ba ni da abin faɗi mai yawa a kansa. Mota ce mai sanyi wadda ba ta tsayawa a yi salla. Abu ɗaya na riƙe: da muka kusa sauka Ramatu ta leƙa taga ta ga kogin Nilu shimfiɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ashe nan ruwanmu ya taho.”

A wurin binciken kaya muka gamu da matsala ta farko. Takardunmu a jere suke cikin jakar leda, fasfo, katin allura, wasiƙar asibiti, babu wanda ya same ni da laifi. Amma da ma'aikacin ya kwance ƙunshin Ramatu sai ya ci karo da garin kuka da daddawa. Ya shinshina daddawar, ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira na kusa da shi. Larabcina na salla ne, sai na yi ta cewa, “Halal, halal.” Ana cikin haka wani dattijo mai tura kaya ya matso ya ce da ni, da wata Hausa irin ta kakanninmu, “Ɗan uwa, daga ƙasar Hausa?” Shi ya yi musu bayani. Suka bar mana kuka, suka riƙe daddawa. Har yau Ramatu ba ta yafe wa wannan ma'aikaci ba, ta ce matarsa ya kai wa.

Asibitin yana gefen gari, yana da masauki na marasa lafiya baƙi da masu jinyarsu, maza daban mata daban. Abokin ɗakina wani Bazabarme ne daga Dosso, Hamani, wanda ya kawo ƙanensa. Yana ganin tsagen fuskata ya tafa hannu.

“Alhamdu lillahi! Na baro gida ba bawa, Allah ya aiko mani Bagobiri. Kai, ɗauko mani buta.”

Wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa ke nan, kowa na kiran kowa bawansa. Na ce masa butar ubangidansa zai fara cikawa, sannan mu ga tasa. Daga ranar muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Game da abincinsu, ga yadda yake. Da asuba shayi kawai. Sai hantsi ya yi sosai, lokacin da mu mun riga mun ci rabin aikin gona, sannan su karya kumallo da wani wake babba da aka dama da man riɗi, ana dangwala da burodi, mutum biyar a kwano ɗaya. Tuwonsu na dawa ne kamar namu, amma sun fi son wata waina siririya kamar takarda, mai tsami. Miyar kuɓewa busasshiya suna da ita. In za su gaisa sai su dafa kafaɗar juna kafin su ba da hannu, kuma ba sa durƙusa wa babba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne randuna. Ko'ina ka bi a bakin titi ga randunan ruwa a jere cikin inuwa, da moɗa a ɗaure, kowa ya sha ya wuce. Na tsaya gaban ɗaya na tuna layin jarkoki a bakin famfona, na sha moɗa biyu ba don ƙishirwa ba.

Rana ta uku da la'asar, muna zaune ƙarƙashin dogon yaro, Hamani ya ba ni labarin da ya hana ni sukuni. Ya ce wani ɗan uwansu an yi masa irin wannan aiki a wata ƙasa, zuciya ta warke sarai, amma ya farka bai san matarsa ba.

“Yana ci, yana tafiya, yana dariya. Amma in ɗiyanshi sun shigo sai ya ce waɗanga baƙi daga ina. Sun ce wani ɗan abu ne ya bi jini ya toshe mashi a kai.”

Ni da na zo ina tsoron mutuwa kawai, sai na samu tsoro na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. In Allah ya karɓi abinsa, an san yadda ake yi. Amma in koma Turba da mace mai fuskar Ramatu wadda ba ta san kowa ba, wannan ban san ta inda za ni fara ba.

Ranar sa hannu aka kira mu ofis. Likitar Baturiya ce, 'yar tsamurmura, ba ta wasa. Mai fassara wata nas ce, Amna, jikar Hausawa, haihuwar can, Hausarta tana ɗingishi amma ana ganewa. Suka ba ni fom na cika a tsanake: sunan miji, sunayen 'ya'ya daga babba zuwa ƙarami, da adadinsu. Sannan likita ta yi bayani. Za a tsayar da zuciyar don a samu ɗinka sabuwar ƙofa. Kafin nan za a karkatar da jinin ta cikin tiyo zuwa wani inji, shi zai riƙe aikin zuciya da na huhu, ya ba jinin iska ya turo shi cikin jiki. Na ce ta faɗa mini gaskiyar maganar Hamani. Ta ce yana faruwa, ba kasafai ba. Ɗan kumfan iska, ko ɗigon kitse, ko gudan jini, ko ɓarɓashin tsohuwar ƙofar na iya bin jinin ya maƙale a ƙwaƙwalwa.

Na ajiye biro. Na ce, “Injin yana da filta?”

Amna ta fassara. Likita ta ce yana da.

“To ba ni sa hannu sai na gan ta.”

Ramatu ta taɓa ni da gwiwar hannu. “Malam, nan ba gidan famfo ba ne.”

Na ce ko'ina aka ce famfo, gidan famfo ne. Ina da dalili. Wata shekara na tafi hutu, wanda aka kawo ya riƙe mini aiki ya ga ruwa na tafiya a hankali, mutane na gunaguni, sai ya cire filta ya ajiye. Kwana tara yashi ya cinye injin, gari ya yi wata biyu ba ruwa. Na san abin da gaggawa ke sa mutum ya cire.

Likita ta dube ni, ta dubi agogo, sannan ta aika aka kira mai injin. Sunansa Tayyib, Basudane ne dogo mai furfura a gemu. Ya zo da filta sabuwa a hannu, irin wadda suke koyarwa da ita. Girmanta bai wuce kofin shayi ba, ta roba ce garai, ana ganin cikinta. A ciki akwai wani farin ƙyalle a nannaɗe, an yi masa ninki kamar bakin zane.

Ya yi bayani, Amna tana juyawa. Ya ce ita ce ta ƙarshe a layi, duk jinin da ya fito daga inji sai ya ratsa ta kafin ya koma jiki. Ramukan ƙyallen sun fi silin gashi ƙanƙanta, jini ya wuce, tarkace ya tsaya. Jinin yana shiga ta gefe yana juyawa, sai kumfa ya taso sama, a can akwai wani siririn tiyo da ke janye shi ya mayar baya.

Na ce, “Kafin ka tayar, yaya kake fitar da iskar cikinta?”

Da Amna ta fassara sai ya dube ni da kyau, ya tambayi aikina. Da ya ji sai ya yi murmushi. Ya ce yana cika layin duka da ruwan magani tukuna, ya kife filtar, ya yi ta ƙwanƙwasa ta da ɗan guduma na roba har kumfan ƙarshe ya saki, ya haska fitila ya duba, ya sake.

“In ta toshe ana tsakiyar aiki fa?”

Ya nuna mini hanyar ratse da ke gefenta, a matse da almakashin ƙarfe. Ya ce ba a buɗe ta sai dole, kuma akwai agogon da ke nuna masa nauyin turawa kafin a kai ga haka.

“Tana kama komai?”

“A'a,” in ji shi. “Tana kama mafi yawa. Wanda ya ce maka komai, ƙarya yake.”

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki biro. Da ya ce komai, da ban sa hannu ba.

Aka shiga da ita ranar Talata da safe. Awa biyar na yi a kan benci. Hamani ya kawo mini shayi har sau uku, yana cewa bawa ba ya mutuwa da yunwa a hannunsa. Bayan azahar Tayyib ya fito ya dafa kafaɗata irin gaisuwarsu, ya dunƙule hannu yana buɗewa yana rufewa. Zuciya ta karɓi aikinta. Saura farkawa.

Washegari da hantsi aka sa mini riga da hula da ƙyallen rufe baki, aka shigar da ni. An cire mata tiyon numfashi, idonta biyu, ta yi fayau. Likita tana tsaye da fom ɗina a hannu. Ta ce za ta yi mata 'yan tambayoyi masu sauƙi don a tabbatar kanta lafiya.

Amna ta sunkuya. “Inna, mene sunan mijinki?”

Ramatu ta dube ta, ta dube ni, ta kawar da kai.

“Inna, kina ji na? To ɗanki na fari, mene sunansa?”

Shiru. Ta rufe ido.

“'Ya'yanki nawa?”

Ko motsi. Likita ta haska mata ido da 'yar fitila, ta ce ta matse hannunta, ta matse, dama da hagu. Aka sake tambayar farko. Ni kuwa maganar Hamani ce kawai ke kaɗawa a kunnena. Na matsa bakin gadon na ce da ƙarfi, “Ramatu, ki faɗa mana! Ki faɗi sunana!” Ta buɗe ido ta yi mini wani kallo da ban gane ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Likita ta yi magana da sauri da mutanenta, Amna ta ce za a shirya hoton kai, in jira a waje.

A baranda na ci karo da Tayyib. Abin da na yi ba na alfahari da shi, amma na ce za ni rubuta komai. Na nuna shi da yatsa na ce da Hausa, “Filtarka ta bari.” Ba ya jin Hausa, amma ya gane. Ya juya ya koma ciki.

Ƙafafuna suka kai ni bakin ƙofar asibiti, wurin wata tsohuwa mai sayar da shayi a gindin bishiya, Hajja Zainabu. Kakanninta daga ƙasar Gobir suka taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Kullum a wurinta muke shan shayi. Ta ga fuskata ta ajiye mafici.

“Ɗana, ta cika?”

“Tana da rai, Hajja. Amma ba ta san mu ba.”

“Subhanallahi. Mi anka tambaye ta?”

Na lissafa mata, ɗaya, biyu, uku. Tsohuwar nan ta fashe da dariya har butar shayi ta kusa kifewa.

“Kai Bagobiri ne ko Bature? Shekara nawa kuna tare?”

“Talatin da biyu.”

“A cikinsu sau nawa ka ji sunanka a bakinta?”

Ba ta jira ni ba, ta ci gaba.

“Bafillata! A ce ta kira sunan miji, ta kira na ɗan fari, ta ƙirga ɗiyanta gaban baƙi kamar awaki a kasuwa! Ni da anka haifa nan, mijina ya shekara goma a ƙasa, har yau ban kira shi ba. Amna yarinya ce, su sun bar wannan. Kai fa? Tashi ka ba ni wuri, kana kore mani masu saye.”

Ban taɓa jin kunya da daɗi sun haɗu a jikina haka ba. Na koma da sauri har hulata ta faɗi ban tsaya ɗauka ba. Na samu ana shirin tura gadon. Na ce wa Amna a dakata, a ba ni tambaya ɗaya. Likita ta ɗaga yatsa ɗaya.

Na ce, “Ki ce ta faɗi sunan auta, sannan wanda yake bi, ta yi sama.”

Amna ta faɗa. Mayafin ya sauka a hankali. Muryar ta fito a dishe.

“Safiya. Murtala. Hadiza. Bello.” Ta tsaya. “Sai babbansu.”

Likita tana bin fom da yatsa daga ƙasa zuwa sama. Amna ta yi mata bayani, ita ma tana rufe baki don kunya. Likita ta ɗaga gira, ta nuna ni, ta ce a tambaye ta wane ne wannan.

“Ubansu ne,” in ji Ramatu. “Ya san sunanshi, shi faɗa mata.” Sannan ta juyo gare ni. “Malam, su baƙi ne, ba su sani ba. Kai kuma har da ɗaga murya?”

Na ce ta yi haƙuri. Shekara talatin da biyu ban taɓa ce mata haka a gaban mutane ba. Likita ta sake yi mata wasu tambayoyin, garinsu, watan da muke ciki, abin da ta ci kafin aiki, ta amsa duka, har ta ƙara da ƙarar ma'aikacin da ya riƙe mata daddawa. Aka fasa hoton.

Daga nan na nemi Tayyib. Na same shi a ɗan ofishinsa da takardar aikin jiya a gabansa, yana bin ta layi layi da biro, yana neman inda ya yi kuskure. Na sa Amna ta gaya masa filtarsa ba ta bari ba, kaina ne ya toshe. Na roƙi gafara. Ya ninke takardar, ya sauke numfashi mai tsawo, ya ce in zauna mu sha shayi. Hamani kuwa da ya ji, kwana uku yana ba mutanen masauki labarin Bagobirin da ya manta al'adar gidansa sai da tsohuwa mai shayi ta tuna masa. Ƙanensa ma an yi nasa lafiya.

Muka ƙara sati uku ana daidaita mata maganin tsinka jini, wanda za ta sha kullum har iyakar rai. Sabuwar ƙofar ta ƙarfe ce, in ɗaki ya yi shiru ana jin ta tana ƙas, ƙas, kamar agogon hannu. Dawowa ta bi hanyar zuwa, Kano, Gusau, Shinkafi, Isa, babu abin da ya faru sai faci ɗaya.

Ranar da muka iso, mata suka cika gidan, har da na garuruwan kewaye, daga Kurawa har Unguwar Lalle. Ina zaure ina amsa barka, ina jiyo su ta katanga. Wata ta ce, “Inna Ramatu, yaya mutanen can?”

“Aikinsu da kyau,” in ji ta. “Mutanen kirki ne, ga ruwa har a bakin hanya. Sai dai ba su da ta ido ko kaɗan. Kuma abin yana naso, ku yi hankali da mazanku. Malam kwana takwas kawai ya yi cikinsu ya kamu.”